Kujerar da Ta Bi Kawu Har Ƙofar Gida

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, malamin labarin ƙasa ne, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya gama shan shayi a inda ya fara ba. Zai ɗauki kofi a falo, ya kurɓa a bakin taga, ya ƙarasa a tsakar gida, daga baya a tsinci kofin a kan katanga ko a saman firji. Matarsa, wadda nake ce wa Anti, ta daɗe da daina faɗa a kan wannan. Da yamma takan bi gidan lungu-lungu tana tattara kofuna, kamar mai neman inda kaza ta yi ƙwai.

A gidansu na zauna duk shekarun da na yi a jami'a, don ya fi namu kusa, kuma da na gama ban yi saurin komawa ba. Mu huɗu ne: Kawu, Anti, Kaka wadda ta haife shi, sai ni. 'Ya'yansu biyu sun girma sun kama gabansu.

Kaka ta ce da ƙaiƙayin ƙafa aka haife shi.

"Wannan ai bai yi rarrafen kirki ba," takan ce, tana nuna shi da baki. "Yau yana zaune, gobe na waiga babu yaro. In zan ɗora tukunya sai na ɗaure ƙafarsa da ɗankwalina a jikin ƙafar gado. Ranar da na manta, a tashar mota aka tsinto shi, ya haye gaban wata babbar mota ya harɗe. Direba ya ce, yaro ina za ka? Ya ce, inda motar ta ƙare."

"Da kin bar ni, Inna, da yanzu na isa."

"Da yanzu kana wanke taya a wani daji."

Sai dai yaron da ya so zuwa inda mota ta ƙare bai je ko'ina ba. Yana gama kwalejin horar da malamai mahaifinsu ya rasu, ga ƙanne a makaranta, sai ya karɓi aikin da ya fi kusa: wata sakandare da ake zuwa da ƙafa daga gida. Ya ce na ɗan lokaci ne. Sai aure ya zo, sai 'ya'ya, sai furfura. Duk shekara yana koya wa yara teku, da yadda take cika tana janyewa, da abin da ya sa ruwanta yake da gishiri, alhali idonsa bai taɓa ganinta ba. Bai taɓa ɓoye wa ɗalibansa hakan ba. Yakan ce, "Duk wanda ya riga ni gani a cikinku, ya gaishe ta."

Yara sun sa masa suna Malam Mu-je, domin da haka yake buɗe kowane darasi. Ba ya zama a aji. Kujerar malami ma ya daɗe da bayar da ita ga ajin da ke kusa. Yana shigowa zai ce, "To, mu je," ya kama ratsa tsakanin tebura, hannu ɗaya da alli, ɗayan yana zana abubuwa a iska. Ƙofa ita ce arewa. Teburan baya su ne duwatsu. In yana bayanin kogi, shi ne kogin: zai taso daga bayan aji yana lanƙwasa, ya ture jakar wani, ya kwashi takalmin wata ya ajiye shi can gaba, ya ce haka kogi yake yi wa yashi.

Ina sakandare na yi shekara guda a ajinsa. Wata rana ya tara yara duka a gefe ɗaya ya ce su ne babbar ƙasa, ni kuma ya tsayar da ni ni kaɗai a tsakiyar aji. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya zagaya ni sau biyu ya ce, "Wannan ita ce tsibiri. Ba sai ta yi magana ba. Ta tsaya inda take kawai, jirage za su neme ta." Tun daga ranar yake kirana Tsibiri, har yau.

Anti kuwa tela ce. Kekenta yana bakin tagar falo, kuma a nan za ka same ta daga hantsi zuwa la'asar, ba ta tashi sai da dalili. Ta taɓa ba ni labarin yadda suka haɗu. Ta ce a lokacin tana koyon ɗinki a wani shago, sai ta lura da wani dogon saurayi da yake wucewa ta ƙofar shagon safe, rana da yamma.

"Na ce wannan bawan Allah so ya kama shi. Na fara yi masa murmushi don tausayi. Sai bayan an yi aure na gane ashe haka yake wucewa ta ƙofar kowa."

Da 'ya'ya suka bar gida, kuma aka saya masa waya mai kyau, sai tsohon ƙaiƙayi ya tashi. Ya gano cewa akwai makarantu a wurare masu nisa, inda malamai ba sa son zuwa, suna neman wanda zai zo. Ya shiga nema ba ji ba gani. Bai damu da inda ne ba, muddin da nisa. Ya nemi wata makaranta a saman duwatsu, ya nemi wata a kusa da wajen haƙar ma'adinai, ya nemi wata da ya ce rana ba ta faɗuwa a can sai ta ga dama. Ya sayi akwati ya ɗora a saman kabad. Kuma Kawu ba ya iya riƙe murna a ciki. Da zarar an kira shi intabiyu, sai ya fara sallama da mutane. Mai shagon bakin layinmu ya sha sallama har ya gaji. In ya hango shi da safe sai ya ɗaga murya:

"A'a, Malam, har an dawo? Ya hanya? Ina tsarabata?"

"Tana cikin jirgi, ta biyo baya."

"Wannan jirgi dai ya daɗe a sama."

Duk intabiyun ta waya ake yi, da kiran bidiyo. Yakan shiga falo ya rufe ƙofa, mu ji muryarsa tana tashi tana sauka, ya fito yana share gumi yana cewa, "Na gama da su." Bayan kwanaki sai a ba shi haƙuri. Ranar ya ci abinci kaɗan, washegari ya soma neman wata.

A duk wannan, Anti ba ta taɓa faɗin ra'ayinta ba. In ya zo yana karanta mata sunan wani gari, sai ta ci gaba da taka keke ta ce, "Allah ya kai lafiya. In za ka fita ka sayo mini baƙin zare." Ni da Kaka mun yanke cewa ba ta son tafiyar, kawai dai ta san ba za ta yiwu ba ne shi ya sa ba ta ɓata bakinta.

Ana nan sai shugaban makarantarsu ya kira shi. Mataimakinsa zai yi ritaya a ƙarshen zango, kuma yana so Kawu ya gaje shi. Ya kai shi har ofishin ya nuna masa: ga tebur mai faɗi, ga fanka, ga kujera mai juyawa, mai taushi. Ba shiga aji, sai dai sa hannu a takardu da sauraron ƙorafin iyaye. Ya ce ya ba shi amsa kafin a tashi hutu.

Kawu ya dawo gida ya zauna. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana akwai magana.

"Kujerar tana juyawa," ya ce. "Za ka yi ta zagayawa, amma kana nan inda kake."

"Mutane roƙon irinta suke yi," in ji Kaka.

"Na sani, Inna."

Sannan ya dubi Anti. "Tela, saura intabiyu ɗaya. Wata makaranta ce a wani tsibiri, sai an hau jirgin sama an sauka, an sake hawa na ruwa. Kuma shekaruna sun kusa wuce abin da irin waɗannan makarantu suke ɗauka. In wannan ba ta yi ba, zan sauke akwatin nan, in karɓi kujera, ba za ki sake jin zancen tafiya a bakina ba."

Anti ta ciji zare ta yanke shi. "To, Malam."

Ya juyo gare ni yana ƙoƙarin dariya. "Wajen 'yan'uwanki zan je, Tsibiri. Ki yi mini addu'a."

Kafin ranar ta zo sai ya ce mu yi gwaji, in zama ni ce masu tambaya. Na shiga ɗakina da wayata, shi yana falo da tasa, ya jingina ta da littattafai a kan tebur kamar yadda ya saba. Na kira shi. Ga fuskarsa cike da waya, har da maɓallin wuya a ɓalle. Na yi masa tambayar farko ya amsa lafiya lau. Na ce ya gwada mini yadda zai koyar da darasi. Ya ce, "To, mu je."

Daga nan ban sake ganinsa ba.

Ina jin muryarsa sarai, tana nisa tana matsowa. Amma abin da ke cikin wayata bango ne, da agogon bango, da bayan kujera babu kowa a kai. Can sai gefen rigarsa ya gifta ya wuce. Na jira. Ya sake giftawa ta ɗaya gefen. Na ce, "Kawu, kana nan?" Ya amsa daga wajen ƙofar kicin, "Ina nan mana!" ya ci gaba.

Na fito na tsaya a bakin falo, ban san ta yadda zan faɗa masa ba.

"Yaya? Na burge ki?"

"Kawu, duk sauran ma haka ka yi?"

"Haka na yi me?"

"Tashi."

"Wa ya tashi?"

Yana tsaye a lokacin, a bayan keken Anti, da ludayi a hannu. Na nuna masa wayarsa can a kan tebur tana kallon bango. Ya dube ta, ya dubi inda yake tsaye, ya dubi ludayin. Kaka ta fara dariya tun daga ciki, har sai da ta riƙe haƙarƙari.

"Wato duk wannan lokaci agogona suke yi wa intabiyu," in ji Anti.

"Kuma bai ci ba," in ji Kaka.

Kawu ma ya yi dariya, amma na ga abin ya taɓa shi. Muka sake gwadawa. Ya yi rantsuwa ba zai tashi ba, ya riƙe hannun kujera gam. Muddin tambaya ce yana zaune. Da an ce ya koyar, sai ƙafafunsa su ɗauke shi, shi kansa bai sani ba. Muka liƙa takarda a bango da manyan baƙaƙe, ZAUNA. Ya tashi ya je kusa da ita ya yi amfani da bayanta ya zana taswira.

Ranar intabiyun da hantsi, Kaka ta fito daga ɗakinta riƙe da wani tsohon ɗankwali mai ruwan goro.

"Miƙo ƙafar."

"Haba, Inna! Da furfurata?"

"Furfurar a kanka take, ba a ƙafa ba. Miƙo."

Ta durƙusa da ƙyar, ta ɗaure idon sawunsa na dama a jikin ƙafar farar kujerar roba, ta ja ƙullin ta gwada. Ta ce da wannan ta yi renonsa, kuma bai taɓa ba ta kunya ba. Ni aka ɗora wa kula da waya. Na jingina ta da littattafai, na koma gefe inda ba za a gan ni ba. Anti ta rufe kekenta don kada ƙara ta dame shi, ta zauna tana ɗinkin hannu a kan wani baƙin yadi mai kauri da ta daɗe tana fama da shi, wanda ta ce na wata mai kawo mata ɗinki ne.

Mutum uku suka bayyana: wata dattijuwa mai gilashi wadda ita ce shugabar makarantar, wani mai gemu, da wata matashiya da take rubutu. A bayansu akwai taga, kuma ta cikin tagar ana hango wani abu mai faɗi, launin toka. Na ga Kawu ya kafe shi da ido.

Suka yi tambayoyi ya amsa. Ya amsa daidai, amma ba Kawu ba ne. Hannayensa suna kan gwiwa kamar mai jiran allura. Muryarsa ta zama siririya, ba hawa ba sauka. Mai gemun ya fara kallon wani abu a gefen teburinsa. Dattijuwar ta cire gilashi ta goge. Sai ta ce, "To, Malam, ka ɗauka mu yara ne 'yan aji ɗaya. Koya mana inda ruwan sama yake fitowa."

Ya fara daga zaune. Ya ce rana tana dumama ruwa, ruwa yana zama tururi. Ya tsaya. Ya sake cewa rana tana dumama ruwa. Ban taɓa jin Kawu ya maimaita jimla don ya rasa ta gaba ba. Matashiyar ta ajiye alƙalaminta. Na ga ƙafarsa ta hagu, wadda ba a ɗaure ba, tana rawa a ƙasa.

A daidai lokacin butar shayin da Kaka ta ɗora ta manta da ita ta fara fito a kicin.

Kawu ya ɗaga kai. Fuskarsa ta washe.

"Kun ji wannan?" ya ce musu. "To, mu je."

Ya miƙe. Kujerar ta kife ta bi shi, ƙwaram, ƙwaram, tana dukan ƙafar tebur. Ko waiwaye bai yi ba. Wayar ta koma kallon bango da agogo. Aikina ne in yi wani abu, na sani, amma hannuna ya ƙi motsi: in na ɗauki wayar, baƙi uku za su ga fuskata. Ina nan tsaye ina wannan tunani sai na ga hannu ya wuce ta gabana. Anti ce. Ta ajiye ɗinkinta, ta ɗauki wayar, ta juya ta, ta bi bayansa.

Abin da na gani daga nan ban san Anti ta iya ba. Ba binsa take yi ba, tarar gabansa take yi. Kafin ya shiga kicin ta riga ta tsaya a gefen ƙofa inda haske yake faɗo masa a fuska. Ya ɗauki murfin tukunya mai sanyi ya kara a bakin butar, tururi ya taru a jikinsa, ya fara ɗiga. "Ga girgije," ya ce, "ga ruwan sama. Wa ya ga inda ya fito?" Tun bai juya ba Anti ta ja da baya ta fita tsakar gida, don ta san can zai nufa. Ya fito, kujera tana biye, ta maƙale a dokin ƙofa, ya fizge ta. Ya kama wani zane da aka shanya a igiya ya ce da safe sharkaf yake, yanzu ya bushe, to ina ruwan ya tafi, wa ya sace shi? Ya nuna sama. Anti ta ɗaga wayar sama, ta dawo da ita kan fuskarsa daidai lokacin da ya buɗe baki.

Daga cikin wayar na ji muryar mai gemun, yana amsawa kamar yaro: "Rana ce ta ɗauka!"

"Madalla! Wannan yaron zai yi nisa. A tafa masa."

Kaka, da take tsaye a ƙofar ɗakinta tana salati, ta tafa.

Ya ɗauki bokitin wankin Anti ya sheƙa rabinsa a kan siminti. Ruwan ya rabu gida biyu, ya sake haɗuwa, ya nufi rariya. Kawu ya sunkuya yana binsa, yana nuna inda ya kwashi yashi da inda ya zubar, inda ya yi sauri da inda ya yi lalaci. Ruwan ya fita ta ƙarƙashin ƙofar gida. Anti ta riga ta zare sakata. Muka fito layi gaba ɗaya: Anti da baya-da-baya, Kawu, kujera, ni, Kaka. Mai shago ya leƙo yana kallonmu.

Kawu ya tsaya a bakin kwata, yana haki, ya nuna ruwan da yake gangarawa.

"Daga nan zai shiga babbar kwata, daga can rafi, daga can kogi, har ya kai wannan da nake hangowa a tagarku. Rana ta ɗauke shi, iska ta dawo da shi. Don haka wannan ruwan na bokitin matata, mai yiwuwa ya taɓa zuwa tsibirinku ya dawo." Ya bi ruwan da kallo. "Ya riga ni."

Sai a lokacin ya dawo hayyacinsa. Ya dubi layi, ya dubi wayar a hannun Anti, ya dubi ƙafarsa. Na ga kafaɗunsa sun sauka.

Dattijuwar ta matso da fuskarta. "Malam, tambaya ɗaya. Mece ce wannan farar abar da take binka tun ɗazu?"

"Kujera ce, ranki ya daɗe."

"Me ya haɗa ka da ita?"

"Mahaifiyata ce ta ɗaure ni, don in zauna."

Sai matashiyar ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta suna girgiza. Mai gemun ya fita daga hoton gaba ɗaya, muna jin dariyarsa daga nesa. Dattijuwar ta sake cire gilashi, wannan karon idonta ta goge.

"Wa yake riƙe da wayar?"

"Matata ce."

"Ka gaishe ta. Ko sau ɗaya ba ka ɓace mana ba."

Anti ta ce, ba tare da ta juyo da wayar ba, "Ka ce mata na daɗe ina yi."

Suka ce za su neme shi. Kawu ya zauna a kan kujerar, a nan bakin kwata, yana kwance ɗankwali. Ya ce, "Shi ke nan, na ɓata. Gobe zan je in ga shugaba."

"Ba za ka je ko'ina ba sai sun kira," in ji Anti. "Tashi ka shigo mini da kujerata."

Wannan karon bai yi sallama da kowa ba. Ya yi ta zuwa makaranta yana dawowa ta doguwar hanya. Shugaba ya tare shi sau biyu a baranda, ya ce yana nan yana tunani. Ana saura kwana kaɗan a tashi hutu, muna cin abincin rana, wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗauka ya miƙe, ya fita tsakar gida, ya zagaya igiyar shanya, ya shiga kicin ya fito, yana ta cewa, "Na'am. Na'am. Na gode." Sai ya dawo. Ya tsaya a tsakiyar falo yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

"Ka faɗa mana, kada abinci ya huce," in ji Kaka.

"Sun ce in zo. Sun ce yaransu ba sa son zama a aji, kullum idonsu yana waje, sun rasa mai fita da su." Ya dubi Anti, murnar ta ɗan ja baya. "Shekara biyu ne, Tela. Na san ba kya son... In kin ce a'a, wallahi..."

Anti ta wanke hannu, ta tashi ta buɗe ƙasan kabad ɗinta, ta ciro baƙin yadin nan mai kauri. Ta warware shi. Rigar sanyi ce doguwa, mai shafi biyu, mai manyan aljihuna. Ta miƙa masa. Sannan ta ciro wata irinta, ƙarama.

"Wannan fa ta wa?"

"Ta mai riƙe waya. Kana tsammanin zan bar ka ka je ka watsa wa mutane kofuna a gari?"

Kaka ta dube ni, na dube ta. Ta ce, "Ke bebiyar gidan nan, duk kallon da kike yi wa mutane, wannan ya wuce ki."

Ya wuce ni kam.

Washegari ya je ya gode wa shugaba, ya ce a ba wani kujerar. Ɗalibansa suka rako shi har gida a ranar ƙarshe, suna ta ihun "Mu je! Mu je!" Mai shago ya ƙi karɓar sallama, ya ce sai ya ga akwati a cikin mota da idonsa. Da ya gani, ya fito da ledar ganyen shayi ya tura ta taga, ya juya da sauri ya koma shagonsa. Anti ta cire kan keken ɗinkinta daga teburinsa ta naɗe shi cikin bargo, ta riƙe shi a cinya har filin jirgi. Ni da Kaka muka koma gidan mahaifiyata. Kafin mu rabu, Kaka ta ba Anti ɗankwalin, ta ce ko da za a buƙata.

Ba su daɗe da isa ba suka kira mu. Muka haɗa kai a kan waya ɗaya, ni da Kaka da mahaifiyata. Da farko ba mu ga komai ba sai duwatsu baƙaƙe, da wani kofi a ajiye a kan ɗaya daga cikinsu. Iska tana ta kaɗawa. Sai hoton ya ɗaga a hankali, ga Kawu can gaba cikin baƙar rigarsa, ya naɗe ƙafar wando, yana tsaye a inda ruwa yake zuwa ya taɓa shi ya koma. A gabansa babu komai sai ruwa, har inda ido ya ƙare.

Ya juyo yana ɗaga mana hannu biyu, yana faɗar wani abu da iska ta kwashe.

"Me yake cewa?" in ji Kaka.

"Wai ya ɗanɗana," in ji muryar Anti. "Wai da gaske akwai gishiri."

Kaka ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa wayar. Ta daɗe tana kallo.

"To, ga inda motar ta ƙare," ta ce, sannan ta ɗaga murya ga Anti: "Ke, matsa kusa ki riƙe masa riga, kada ya ce zai ƙara gaba."